Ƙirƙirarriyar basira a ajin kwamfuta: shin za ta koya wa ɗalibai gina manhajar da makaho ma zai iya amfani da ita?

Duk wanda ya leƙa sashen kwamfuta na wata babbar makaranta a Katsina, Dutsin-Ma ko Daura a 'yan shekarun nan ya san yadda aikin gida ya koma. Malami ya ce a gina shafin rajista, ɗalibi ya buɗe ChatGPT ko Gemini a wayarsa ya faɗi abin da yake so, kafin shayinsa ya huce an zubo masa shafi cikakke. Mafi yawan ce-ce-ku-cen da ake yi a kan wannan na satar amsa ne. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wa zai iya amfani da shafin da na'urar ta rubuta, wa kuma aka bari a bakin ƙofa.

Tambayar ta ƙara nauyi ne saboda sauye-sauyen da suka zo kusa da juna. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar da sabon tsarin karatu a Disamba 2022, inda ilimin kwamfuta ya samu nasa fanni mai zaman kansa. Hukumar NBTE, mai kula da kwalejojin fasaha, ta raba babbar difilomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ciki har da ƙirƙirarriyar basira da gina manhaja da shafukan intanet. Sannan daga 28 ga Yuni 2025 wata doka ta fara aiki a Tarayyar Turai wadda ta wajabta wa bankuna da shagunan intanet su sa shafukansu su zama masu amfanuwa ga masu buƙata ta musamman. Wasu na cewa ƙirƙirarriyar basira za ta koya wa ɗalibai wannan aiki cikin sauƙi, wasu na cewa ita ce ma za ta ƙara dagula shi.

## Abin da kalmomin ke nufi

Mataimakin ƙirƙirarriyar basira manhaja ce da ake yi wa magana da harshen yau da kullum ta mayar da amsa. Akwai na hira, irin ChatGPT da ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022. Akwai kuma wanda ke zaune cikin wurin da ake rubuta umarnin kwamfuta yana ƙarasa wa mai rubutu layi, irin GitHub Copilot da aka fara gwajinsa a 2021.

Ɗaya ɓangaren shi ne gina manhaja yadda mai lalurar gani, ko ji, ko hannu, zai iya amfani da ita da kansa. Don a gane wannan sai an san yadda makaho ke sarrafa waya. A wayoyin Android akwai TalkBack, a na Apple akwai VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina suka bayar kyauta tun daga 2006. Waɗannan manhajoji suna karanta wa mutum abin da ke fuskar na'ura da murya. Sai dai ba kallon fuskar suke yi ba, abin da mai gina shafin ya rubuta a ƙarƙashi suke bi. Idan ya sa hoto bai rubuta bayaninsa ba, za su ce akwai hoto su wuce. Idan ya jera akwatunan fom bai ɗaura wa kowanne sunansa ba, makaho zai ji akwati bayan akwati, bai san inda zai sa sunansa ba, bai san inda zai sa lambar waya ba. Idan kuma ya zana wani abu mai kama da maɓalli alhali a ƙarƙashi ba maɓalli ba ne, wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta, wanda da madannai kaɗai yake aiki, ba zai taɓa isa gare shi ba. Ga mai ido da lafiyayyen hannu, duk shafukan nan lafiya lau suke, shi ya sa aibin ke wucewa ba a gani ba.

Akwai ma'auni na duniya kan wannan, ana kiransa WCAG, daga ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet. Ya fara fitowa a 1999, aka sabunta shi a 2008 da 2018, sai na baya-bayan nan a Oktoba 2023. Ginshiƙansa huɗu ne: a iya tsinkayar abin da ke shafi ta ido ko kunne ko taɓawa, a iya sarrafa shi, a iya fahimtarsa, kuma ya yi aiki da na'urori iri-iri.

Damawa da kowa ta fi wannan faɗi, kuma a nan ne abin ya taɓa kowane Bahaushe, mai lalura da marar ita. Sa'adatu da Mu'azu da Isma'ila sun san fom ɗin da ke cewa sunansu ba daidai ba ne saboda 'yar waƙafin da ke tsakiyarsa. Dalilin shi ne ana iya amfani da wannan alama wajen kutse cikin rumbun bayanai, sai mai gina shafin ya hana ta gaba ɗaya maimakon ya koyi hanyar da ake karɓarta lafiya. Sunan Jami'ar Umaru Musa Yar'adua kansa ba zai shiga irin wannan akwati ba. Haka haruffan ɓ da ɗ da ƙ kan koma alamar tambaya idan ba a saita rumbun da UTF-8, tsarin adana rubutu mai karɓar haruffan harsuna daban-daban, ba. Ajami daga dama yake farawa, shafin da bai yi tanadi ba sai ya hargitsa shi. Shafi mai nauyin hotuna kuwa, wanda ke buɗewa nan take a ofis, yakan gagari ƙaramar waya a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

## Inda matsalar ta samo asali

Mataimakan nan sun koyi rubuta manhaja ne daga ɗimbin abin da mutane suka riga suka rubuta suka zuba a intanet. To yaya wannan abin koyi yake? Cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Yuta a Amurka tana duba shafukan farko na gidajen intanet miliyan ɗaya mafiya shahara kowace shekara tun 2019, kuma kowace shekara sama da kashi 90 cikin ɗari na faɗuwa. A 2024 kashi 95.9 ne aka samu da kuskure. Kurakuran ma kusan iri ɗaya ne kullum: rubutu mai dishi-dishi da ba ya fita daga launin bayansa, hoto ba bayani, akwatin fom ba suna, maɓalli ba lakabi, da rashin faɗin harshen da aka rubuta shafin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na'urar da ta tashi a kan irin wannan gado, idan aka ce mata ta gina shafi ba a ƙara komai ba, babu mamaki ta maimaita abin da ta fi gani.

Sai dai ita wannan na'ura ta karanta ƙa'idojin WCAG ɗin ma, da dubban bayanai a kansu. Idan aka tambaye ta kai tsaye me ya sa akwatin fom ke buƙatar suna, takan ba da amsa mai kyau, ta gyara kuma. Ilimin yana nan, amma sau da yawa sai an nema yake fitowa, ɗalibin da bai taɓa jin labarinsa ba kuwa ba zai nema ba.

Wani bincike da masana daga Jami'ar Carnegie Mellon suka gabatar a taron CHI na 2025, wanda ake yi kan hulɗar mutum da kwamfuta, ya nuna haka. Sun lura da masu gina shafuka 16 da ba su da horo kan wannan fanni suna aiki da Copilot, suka ga abubuwa uku na maimaituwa: ba sa neman na'urar ta kula da masu buƙata ta musamman, ba sa cike guraben da ta bar musu su cike da hannu kamar bayanin hoto, kuma ba su san yadda za su tantance ko abin ya yi daidai ba. Daga nan suka gina wani ƙari mai suna CodeA11y da ke tunatar da mai rubutu yana tsakar aiki. Idan aka duba da kyau, duka gibin uku a wajen mutum suke, wato aikin aji ne.

## Abin da doka ta ce

A Janairu 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wanda ya cika a Janairu 2024, ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta kula da wannan. Inda dokar ta fi fitowa fili shi ne gine-gine, sufuri, ilimi, lafiya da ɗaukar aiki. Amma yau neman gurbin karatu, biyan kuɗin makaranta, duba sakamako da neman bashin karatu duk ta intanet ake yi, don haka shafin da makaho ba zai iya cikewa ba matsayinsa ɗaya da ofishin da ke saman bene ga mai keken guragu. Hukumar JAMB ta gane wani ɓangare na wannan tun 2017, lokacin da ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don shirya wa makafi jarrabawa. Waɗanda suka ci suna shigowa manyan makarantu, kuma shafukan makarantun ne za su tarbe su.

A waje an fi ƙarfafa abin. Bayan dokar Turai, ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a Afrilu 2024 cewa shafukan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, har da jami'o'in gwamnati, su bi WCAG. Matashin Katsina da ke fatan samun aikin gina shafi daga waje yana zaune a gida zai iske ana tambayarsa wannan.

Game da tsarin karatu, NUC ta riƙe kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Ta wannan ƙofa Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, Al-Qalam ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma za su iya shigar da darasin ba tare da jiran Abuja ba.

## Hujjar masu maraba da hujjar masu ɗari-ɗari

Masu maraba da mataimakan suna farawa ne da ƙarancin malamai. Wannan fanni ko a ƙasashen da suka ci gaba ba kowane malamin kwamfuta ne ya karance shi ba, kuma malami ɗaya ba zai iya bin aikin ɗalibai ɗari layi-layi yana duba ko kowane hoto na da bayani ba. Na'ura za ta iya, da tsakar dare ma, kuma ba ta gajiya da tambayar da ɗalibi ke jin kunyar yi a gaban 'yan ajinsu. Suna kawo misalin darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda tun 2023 ya samar wa ɗalibansa mataimaki na musamman da aka saita don ya yi ta jan ɗalibi da tambaya da ishara har ya gano amsa da kansa. A ganinsu, idan aka saita irinsa ya riƙa tambayar ɗalibi yadda wanda ba ya gani zai san aikin wannan maɓalli, darasin zai shiga jiki tun daga shekarar farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Suna da hujja ta biyu mai ƙarfi, wadda ta shafi ɗalibi mai lalurar kansa. Makahon da ke koyon Python, wani harshen rubuta manhaja, inda tazarar farkon layi ke sauya ma'anar umarni, zai iya tambayar na'ura ta faɗa masa inda tazarar ta karkace. Za ta iya bayyana masa zanen da malami ya raba, ko ta fassara masa dogon saƙon kuskure a taƙaice. Kurman da bayanin baki ya wuce shi a aji zai iya neman a maimaita masa a rubuce sau goma. A arewacin Najeriya, inda shan inna ta bar mutane da yawa da rauni a gaɓoɓi kafin a ayyana kawar da ita a Agusta 2020, rage yawan bugun madannai ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Masu ɗari-ɗari ba su musanta wannan ba. Damuwarsu ita ce na'urar na magana da gaba gaɗi ko ta yi daidai ko ta yi kuskure. Za ta iya cewa shafi ya cika ƙa'ida alhali bai cika ba, ɗalibin da bai san ƙa'idar ba kuma ya yarda. Akwai wasu alamomi da ake kira ARIA, waɗanda ake ƙarawa don taimaka wa manhajar karatu. Ƙa'idarsu ta farko a wajen W3C ita ce kada a yi amfani da su idan akwai hanya ta asali mai sauƙi, kuma binciken WebAIM ya sha nuna cewa shafukan da suka cika su sun fi yawan kurakurai. Zuba su barkatai yana sa aiki ya yi kama da na gwani a idon mai dubawa, a kunnen makaho kuwa hayaniya ce.

Suna kuma tuna abin da ya faru a Janairu 2025, lokacin da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta nemi kamfanin accessiBe ya biya dala miliyan ɗaya kan iƙirarin cewa manhajarsa mai ƙirƙirarriyar basira za ta iya gyara kowane shafi ya dace da WCAG. Ko kayan gwaji irin Lighthouse da WAVE da axe wani kaso kawai suke kamawa. Za su faɗa maka hoto na da bayani, ba za su faɗa maka bayanin ya yi ma'ana ba. Hoton Kusugu da aka rubuta wa "rami da gini" ya tsallake gwajin na'ura, amma bai gaya wa kowa cewa rijiyar tarihin Daura ce ba.

Sauran damuwar ta gida ce. Ko da ɗalibi ya samu Copilot kyauta, data da caji da kwamfutar kanta ba kyauta ba ne, don haka kayan da aka kawo da sunan damawa da kowa za su iya buɗe sabon gibi tsakanin mai hali da marar shi. Ingancin amsar na'urorin da Hausa bai kai na Turanci ba. Sannan ɗalibin da ya kwashi ainihin sunaye da lambobin mutane ya liƙa wa na'ura don ta gyara masa rumbu ya fitar da bayanan da dokar kare bayanai ta 2023 ta ce a tsare.

Idan aka auna, ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Na farko yana bayanin mataimakin da malami ya saita ya kuma sa wa ido, na biyu yana bayanin wanda ɗalibi ke buɗewa shi kaɗai daren da za a karɓi aiki. A yanzu na biyun ne ya fi yawa a hannun ɗalibai.

## Yadda abin zai iya kasancewa a aji

Tun da na'ura ta ɗauke wahalar rubutawa, abin da ya rage a koya kuma a ba maki shi ne tantancewa, kuma mafi yawan gwaje-gwajen ba sa cin ko kwabo. A ɗauka malama a Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina ko ta Tarayya da ke Daura ta bar ɗalibai su gina fom da kowane mataimaki suka ga dama. Ranar dubawa sai ta cire linzamin kwamfutar ta ce a cike fom ɗin da madannai kaɗai. Sai a buɗe shi a waya, a kunna TalkBack, mai shi ya rufe ido ya bi murya har ya aika. A ƙara girman rubutu ninki biyu, kamar yadda WCAG ta tanada, a ga ko ya tarwatse. A shigar da suna Sa'adatu Ɗanɓaba. A ƙarshe a fita da wayar cikin ranar azahar ta watan Afrilu, a nan kowa zai gane dalilin da ya sa ƙa'ida ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Ɗalibi ya kawo tambayoyin da ya yi wa na'urar, da abin da ta ba shi, da abin da ya gyara da dalilinsa. Wanda ya kwafa bai fahimta ba, a wannan matakin zai tsaya.

Abu ɗaya da na'ura ba za ta maye gurbinsa ba shi ne mai lalurar da kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai ido da ya rufe idonsa na minti goma bai zama gwanin TalkBack ba, domin wanda ya saba da ita yana sauraro da saurin da baƙo ba zai kama ko kalma ba, yana kuma da hanyoyin tsallake-tsallake da mai gwaji bai sani ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da tsarin shugabancin masu lalura, akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, ga kuma ƙungiyoyinsu na zamani, don haka ba a rasa ta inda za a gayyato su ba. Adalci shi ne a biya su ladan lokacinsu kamar kowane ƙwararre. Kurame kuma suna da nasu bayanin: da yawansu maganar hannu ce harshensu na farko, rubutaccen Turanci na biyu ne ko na uku, saboda haka sa rubutu a ƙasan bidiyo taimako ne, amma gajerun jimloli masu sauƙi ma suna cikin aikin.

## Abin da zai iso ga jama'a

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, na rayuwa da wata babbar lalura. Lissafin bai haɗa da dattijon da ƙananan rubutu suka fara gagararsa ba, ko wanda ya karye a hannu na wata biyu.

Ɗaliban da ke aji yau su ne gobe za su gina shafin ganin likita, na biyan haraji, na rajistar manoma, na tantance 'yan fansho, da manhajojin ƙananan bankuna da ƙungiyoyin adashi. Idan shafin bai karɓi makaho ba, ba fasa buƙatarsa zai yi ba. Zai nemi ɗan rakiya, ya biya kuɗin mota zuwa shagon intanet, ya karanta wa wani lambarsa ta NIN da ta BVN da lambar sirrinsa da baki, a gaban duk wanda ke wurin. Mace mai lalura da ke son ganin likita kan abin da ba ta son kowa ya ji dole ta faɗa wa mai cike mata fom. Wannan kuɗi ne, sirri ne, kuma mutunci ne.

Ga masu ba da kwangilar shafi, ɗaura wa akwati suna tun ana gini aikin daƙiƙa ne, komawa a warware shafin da ya shekara yana aiki kuwa sabuwar kwangila ce. Kuma da yake mataimakan sun sa gina shafi ya yi araha da sauri, yawan shafukan da za a zubo a shekaru masu zuwa zai ƙaru, masu kyau ko marasa kyau.

Matakin da ke kusa yana hannun kwamitocin sassa da majalisun jami'o'i masu rabon kashi 30 ɗin nan, da malaman da ke zama duba aikin kammala karatu a ƙarshen kowace shekara. Su ne ke rubuta takardar rabon maki, kuma a kanta ne za a ga ko an ware wani abu ga fom ɗin da aka iya cikewa da fuskar kwamfuta a kashe.